Soja Marar Gashin Baki

Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi kwana biyu. Masu aiko min da saƙo suna tambayar ko an sa rana, ba a sa ba. Masu cewa in daina ja wa bawan Allah rai, na ji, na gode. Ni dai gajiya ce ta yi min yawa, irin wadda barci ba ya maganinta. Ku gyara zama in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu cikin bikin Golu, wanda ake jera 'yan tsana a matakala baƙi su zo gani, don ni kaina ya daina ɗaukar komai.

Saboda waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Abhirami, a gida ana ce min Abi. Shekarata ashirin da tara, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata nan Chennai. A unguwarmu ta Mambalam, mace ta kai waɗannan shekarun ba aure, kowa kallonta yake kamar madarar da ta kwana a waje. Mu uku ne a gida: ni, da Paati kakata ta wajen uba, da Athai ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ke aiki a Muscat. Mahaifiyata a hoto kawai na san ta. Appa, mahaifina, shi ya rene ni, shi ma bara da bazara ya tafi ya bar mu da kabad ɗinsa.

Kabad ɗin nan shi ne tushen duk wahalata. Na gilashi ne, yana falo, cike da sojojin roba, kowanne bai wuce tsawon yatsa da rabi ba, hannuwansu da gwiwoyinsu na lanƙwasuwa. Wani kamfani ne ya riƙa yin su tun kafin a haife ni, ya daɗe da rufewa. Abin da ya haukata masu tara su shi ne, ma'aikatan kamfanin duk fentin da suka samu ranar da shi suke aiki. Soja ɗaya ne, amma sai ka same shi da koren sulke, wani da shuɗi, wani takalminsa ruwan hoda saboda baƙin fenti ya ƙare. Mutum da gemunsa sai ya hau jirgin ƙasa ya kwana a hanya saboda an ce masa akwai mai takalmi ruwan hoda a wani tsohon shago a Madurai.

Appa ya fara saye ne lokacin da ake da cikina, yana jiran ɗa namiji. Sai ga ni. Bai fasa ba, sai ma ya ja ni ciki. Duk Lahadi mu zauna a tabarma, shi da ɗan burushi mai laushi, ni da ƙyalle, yana nuna min bambancin da ke tsakanin wannan da wancan. Tun ban iya kitson kaina ba na san soja na asali daga na jabu.

A cikinsu duka akwai sarki, shi ne Kyaftin. Kyaftin ba wuyar samu yake da ita ba, kowane gida da aka yi yara a wancan zamanin akwai shi, da baƙin gashin bakinsa mai kauri. Sai dai an yi wani zubi guda da aka manta ba a zana musu gashin bakin ba, aka rufe su aka kai kasuwa a haka. Waɗanda aka san suna nan har yau ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗaya daga ciki yana kabad ɗinmu, a hawan sama, fuska sumul. Appa ko ni ba ya bari in ɗauke shi sai na wanke hannu.

To, sai Mukundan.

A guruf ɗin masu tara sojoji ya san Appa. Bayan rasuwa ya turo min gaisuwa mai tsawo, mai kyau, har na yi kuka. Bayan wata biyu ya sake turowa:

"Ki gafarce ni in na yi azarɓaɓi. Idan wata rana kuka yi shawarar rabuwa da Kyaftin, don Allah ki fara tuna ni."

Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce ya fahimta. Ya ci gaba da gaishe ni lokaci-lokaci, yana turo hoton abin da ya samo, ina gaya masa in jabu ne. Ban ankara ba hira ta zama ta kullum. Mutum ne mai sanyi, yana gyaran na'urorin asibiti, yana sa tabarau mai kauri, in zai taɓa sojansa sai ya sa safar hannu. Rabin nasa ma suna cikin kwalinsu tun daga kamfani, ba a taɓa ɓare robar da aka manne a kansu ba. Ya taɓa ce min duk wanda ya buɗe tsohon kwali, gara ya ƙona littafi a gabansa.

Sai kawai rannan Athai ta sauko daga sama tana washe baki, wai wata ƙawarta ta kawo maganar wani yaro, an duba taurarinmu sun dace. Ta miƙo min hoto. Mukundan ne, cikin farar riga, ya sha mai a ka.

Ku faɗa min gaskiya, in ku ne me za ku ɗauka? Mutum ya nemi abu an hana shi, sai ga uwarsa tana neman mai abun.

Na faɗa wa Athai haka. Ta dube ni sama da ƙasa.

"To sai me? Wasu saboda gida suke zuwa, wasu saboda gwal. Wannan in ma saboda 'yar tsana ya zo, ai dai ya zo."

"Athai, ni za a aura ko kabad?"

"Ke da kabad duk gida ɗaya za ku. Abi, na gaji da dafa wa baƙi kofi suna tafiya ba sa dawowa. Wancan kin ce ya cika surutu, wancan kin ce ba ya magana. Wannan kuma laifinsa yana son abin da ubanki yake so?"

Abin haushin shi ne ina son sa. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye. Da ba na son sa da tuni na ce a'a na huta. Son ne ya sa tambayar ta tsaya min a rai, na rasa hanyar da zan san amsarta.

Aka shirya za su zo ganin Golu ranar Juma'a, shi da mahaifiyarsa, Rukku Mami.

Bara ba mu yi Golu ba saboda makoki, don haka bana Paati ta ɗauki abin da zafi. Tun saura mako aka sauko da akwatunan ƙarfe daga saman silin, aka haɗa matakala bakwai a falo, aka lulluɓe su da farin ƙyalle. Gida ya cika da warin tsohuwar jarida da ƙwayar maganin asu. Gumakan yumɓu, da ɗan kasuwa mai tumbi da matarsa, da giwaye, da mata da miji na katako da aka kawo Paati da su gidan nan tana amarya, duk aka fito da su. Kuma kamar yadda ta saba tun kafin a haifi Appa, Paati ta baje 'yan gwangwanayen fentinta a ƙasa. Wanda hancinsa ya goge ta gyara, wanda idonsa ya dushe ta sake ɗiga masa. A wajenta kunya ce a hau da abin da ya koɗe kan matakala baƙi su gani.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta, ƙafafuna kamar ba nawa ba, alli har cikin gashina. Ina cire takalmi na hango mukulli yana lilo a jikin kabad.

"Paati, wa ya buɗe kabad?"

"Ni. Na ɗana ne ko na gwamnati?"

Tana zaune ta miƙe ƙafa, tabarau a ƙarshen hanci, tana goge wani siririn tsinke a gefen sarinta. Na duba hawan sama na kabad, babu kowa. Na juya na dubi matakala. Ga shi nan a ta uku, tsaye kusa da mata da mijin katako.

Da gashin baki.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Jakata ma ban cire ba.

"Na ce bana dole wani abu na Sundu ya hau matakala," in ji Paati. Sundu take ce wa Appa. "Na san wannan ya fi so. Na ɗauko shi sai na ga ashe ya goge. Duk 'yan uwansa da gashin bakinsu, shi kaɗai fuska kamar ta yaron goye. Soja guda! Na ce ka ga Sundu, shekara da shekaru yana goge-goge bai lura ba."

"Paati, wane fenti kika sa?"

"Mai kyau, na mai. Wanda ba ya fita."

Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Matso ki dube shi da kyau. Da wa ya yi kama?"

Na matsa. Gashin bakin Kyaftin na kamfani a miƙe yake, gefe da gefe daidai. Wannan ba haka yake ba. Gefen hagu ya ɗan sauko ƙasa, kamar na mutumin da ke tauna shi in yana tunani. Haka na Appa yake, haka yake a hoton da ke rataye a saman ƙofar kicin. Tsohuwar da ba ta iya zura zare a allura, ita ta zana wannan da tsinke, bai kauce ba.

"Ya yi kyau, Paati," na ce.

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar su ji. Har yau ban san wanne na yi wa kuka ba, sojan ko Appa.

Da Athai ta ji bayani sai ta dafe ƙirji. Ita ba ruwanta da soja, amma ta san abin da ake nufi da a ce abu ɗaya ne a gari.

"Kar ki kuskura ki faɗa wa yaron nan."

"Jibi zai zo ya gani da idonsa."

"Ba zai gani ba."

Ta ɗauki Kyaftin ta tura shi bayan babbar giwa. Da safe muka tashi muka same shi ya dawo gaba. Ta sake ɓoye shi bayan ɗan kasuwa, Paati ta sake fito da shi, har ta sa masa ɗan furen yasmin a ƙafa. Ba wadda ta ce wa wata uffan. Ni dai ina kallon su, ko ƙarfin dariya ba ni da shi.

Ranar Alhamis da yamma wayata ta yi ƙara.

"Mama ta sa na goge riga har uku. Wacce zan sa, shuɗiya ko fara?"

"Duk wadda ka ga dama."

"Lafiya kuwa?"

"Gajiya ce."

"Ki huta. Gobe zan ga Kyaftin ido da ido ko? Ban taɓa ganin sa ba sai a hoto."

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Bai ce gobe zan gan ki ba. Na kife wayar a kan gado. Sai wani tunani ya zo min, marar daɗi: ashe Paati ta yi min abin da na kasa yi wa kaina. Gobe zan san amsar tambayata, ko ina so ko ba na so.

Juma'a Athai ta naɗa min sarin siliki na mahaifiyata, ruwan zuma mai jan baki, ta cika min kai da yasmin har wuyana ya yi nauyi. Ta sa min 'yan kunnen Paati masu kama da ƙararrawa, ta ja baya ta ce in daina ɗaure fuska kamar mai karɓar haraji. An dafa sundal na farin wake da kwakwa, an jera ganyen goro da kurkum a faranti don sallamar baƙi, an kunna fitilun mai. Matan unguwa na shiga suna fita, kowacce sai ta ɗan matse min hannu ta ce bana dai bana ce.

Suka iso rana na shirin faɗuwa. Rukku Mami doguwa ce, koren sari, hanci da ɗan dutse mai ƙyalli, ido kamar na mai duba takardun jarrabawa. Mukundan na bayanta, ya sa shuɗiyar. Aka zauna, aka ba su kofi. Mami ta ce in yi waƙa a gaban Golu kamar yadda aka saba. Na yi, na haɗiye rabin baitin. Duk wannan idona na kansa.

Ya dubi kabad tukuna, ya ga gurbin. Sai ya bi matakala da ido, daga sama yana saukowa. Ya zo ta uku. Kofin da ya ɗauko zai kai baki ya tsaya a hanya. Na ga ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ka gane shi ko?" in ji Paati, tana jin daɗi. "Abi ta ce kai ma kana wasa da irin su. Na ɗana ne. Ya goge ne na gyara shi."

Athai ta fara tari, tana miƙa wa Mami sundal karo na biyu.

Mukundan ya ajiye kofi, ya tashi ya durƙusa a gaban matakala. Bai taɓa ba. Ya daɗe a haka har Mami ta kira sunansa. Sai ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke saman ƙofar kicin, ya sake duban sojan.

"Hannunki bai yi rawa ba, Paati," ya ce.

"Ai ka gani. In za ka sake zuwa ka kawo naka ɗaya ya taya shi tsayuwa, shi kaɗai ne soja a nan. Amma ba a cikin ledar nan da Abi ta ce kuna kulle su ba. Abin da ke cikin leda ba ya hawa matakalata, ko numfashi ba ya yi."

Aka yi dariya, ban da ni da shi.

Da za su tafi Athai ta tura ni in raka su. Mami ta tsaya gaisawa da wata maƙwabciya, shi kuma ya buɗe ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa ya ɗauko wata 'yar kwalba da tsinken auduga. Kullum yana yawo da kayan goge-gogensa, ko da zai ci karo da wani abu a kasuwar tsofaffin kaya.

"Yaushe ta yi?"

"Shekaranjiya."

"To bai gama kamawa ba. In kika bi a hankali da wannan zuwa gobe, zai fita ba tabo. Ya wuce gobe kuma shi ke nan, in aka matsa har fentin fuskar zai tafi."

Ya miƙo min. Na karɓa, don ban san me zan yi da hannuna ba.

"In na bar shi a haka fa?"

Ya rufe kujerar babur ɗin. Sai da mai sayar da furanni ya wuce da kekensa ya kai ƙarshen layi sannan ya dube ni.

"Zai yi min ciwo," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Tun ina jami'a nake neman sa."

"Na sani."

"Abi, ba abin da kike tunani..."

"Mami na jiran ka."

Washegari Asabar ba makaranta. Paati ta tafi haikali da safe, Athai ta tsaya a kaina.

"Ga dama ta samu. Ki goge kafin ta dawo, sai mu ce fentin ne ya zube. Idonta ba gani yake ba sosai."

Na zauna a gaban matakala, na buɗe kwalbar, warinta ya bugi hancina. Na tsoma audugar. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ba don Mukundan kaɗai hannuna ya miƙa ba. Ni 'yar Appa ce. Duk lokacin da na kalli gashin bakin nan ina jin muryarsa yana cewa a wanke hannu. Audugar ta kusa taɓa fuskar sai na ga furen da ke ƙafarsa sabo ne. Ashe kafin ta fita ta canza masa, tun ban tashi ba.

Na rufe kwalbar na miƙa wa Athai, na ce ta goge jan farcenta da shi.

"Kin kashe aurenki da hannunki," ta ce. "Saboda gashin bakin 'yar tsana."

"In gashin bakin 'yar tsana ne ke riƙe da shi, gara ya mutu yau."

Ta haye sama tana cewa ita ta wanke hannunta, ta kira mijinta a Muscat tana ba shi labari da ƙarfi don in ji. Ni kuma na ɗauki hoton Kyaftin na tura wa Mukundan, na rubuta:

"Gashin bakin zai zauna."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa.

Shi ke nan. Ranar ba amsa, washegari ba amsa. Rukku Mami ba ta kira ba. A guruf ana ta cinikin wani jirgin roba, shi da ba ya bari a yi magana ba ya ciki, ko tari bai yi ba. Na riƙa duba waya a aji har wata ɗaliba ta ce Malama ko ba ki da lafiya. Athai ta daina yi min magana sai ta bakin tukwane, duk wadda ta ɗauka sai ta dire ta da ƙarfi. Paati kaɗai ke cikin jin daɗinta, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata Sundu.

Na ce wa kaina to ai na samu amsa. Abin da nake nema ke nan. Ban san amsa tana da nauyi haka ba.

Ranar ƙarshe ta Golu akan kwantar da ɗaya daga cikin 'yan tsanan, alamar biki ya ƙare, gobe a mayar da kowa akwati. Da yamma Paati ta wanke hannu ta ɗauki Kyaftin ta kwantar da shi a kan ɗan ƙyalle, ta shafa kansa da yatsa.

"Kwanta, Sundu. Ka sha tsayuwa."

Ina tsaye da tsohuwar rigar gida, kaina ko mai babu, ina tattara faranti, sai na ji ƙarar babur a ƙofa. Athai ta leƙa ta taga, ta juyo ta dube ni, ta dubi rigata, ta ɗora hannu a ka.

Shi kaɗai ne. Bai yi aski ba, idanunsa sun faɗa. Yana rungume da wani abu a cikin tawul. Ya gaida Paati, ya gaida Athai, ya zauna a ƙasa gaban matakala ya warware tawul ɗin.

Na san shi tun kafin ya gama buɗewa. Matuƙin jirgi ne mai jar hula, a kwalinsa na asali, robarsa garau ko ɗan rawaya ba ta yi ba. A duk ƙasar nan ba a san wani mai jar hula da ya rage a rufe ba sai nasa. Hotonsa ne a fuskar wayarsa. Ya taɓa ce min ranar da ruwa ya shiga gidansu, shi ya fara ɗauka kafin takardun makarantarsa.

"Na yi latti, Paati," ya ce. "Kin ce in kawo masa abokin tsayuwa."

"Ya riga ya kwanta. Ba komai, sai su kwanta tare. Amma na faɗa maka ban da leda."

"Na ji."

Ba safar hannu. Ya sa babban yatsansa a kusurwar robar. Bai dube ni ba ya ce:

"Na rubuta miki amsa ta fi a ƙirga, duk na goge. Duk abin da na faɗa za ki ce baki ne."

Ya fara ja.

Yanzu ku saurara, don nan ne na ba da kaina. Ni da na yi wata da watanni ina zargin mutum da fifita roba a kan mutum, ban san lokacin da na saki faranti na yi tsalle ba. Sai ji na yi ina cewa, "Kai, kar ka yi! Mai jar hula ne fa!" Na damƙe hannunsa da hannuwana biyu.

Farantin na ta juyi a ƙasa. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar, kuma a gaban kakata da gwaggota, da rigar wanke-wanke.

Wani ɓangare na zuciyata, wanda ba ya gajiya da zargi, ya ce min ai ya san za ki hana shi, ya san 'yar gidan wa ce ke. Sai na sunkuya na dubi kwalin. Na makara. Robar ta riga ta ɗago tun daga kusurwa har tsakiya, ta yago hoton da ke jikin takardar, farin cikinta ya fito. Ba mai iya mayar da wannan. Matuƙin ya zame ya faɗo a cinyarsa.

Mukundan yana kallon yagaggen kwalin, hawaye na bin gefen tabaransa, yana kuma ƙoƙarin yin murmushi, abin ya ƙi haɗuwa.

"Ya yi ciwo?" na tambaye shi.

"Sosai."

Paati ta miƙo hannu ta ɗauki matuƙin, ta kai shi kusa da fitila, ta juya shi gaba da baya.

"Wannan ma girarsa ta koɗe," ta ce. "Abi, miƙo min gwangwanin baƙin fentin nan."

Na ji hannunsa ya ƙanƙame a cikin nawa. Ta bayana kuma ina jin Athai ta riga ta danna waya, tana cewa, "Rukku Mami? Kina zaune ko kina tsaye?"

Gwangwanin yana can kan taga, taku kaɗan ne. Sai dai kafin in ɗauko shi dole in saki hannun nan, ni kuma ban sake shi ba.